Gwajin gangara: me ya sa ƙwallo yake ba da g = 7 maimakon 9.8?

Malam Bashir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata matsala da ke yawan fitowa a gwajin gangara na 'yan babbar sakandare, ina so mu warware ta. Katako ne, tsakanin layin farawa da layin ƙarewa mita 1.5, an ɗaga kansa har bambancin tsayin layukan biyu ya kai santimita 15, wato sin θ = 0.1, θ kuwa kusurwar gangarar ce. A saki ƙwayar boris, wato ƙwallon ƙarfe, a auna lokaci, ya fito sakan 2.0 zuwa 2.1. A sa a cikin s = ½at² (s nisa, t lokaci, a ƙaruwar gudu), a samu ƙaruwar gudun kusan 0.70, a raba da sin θ tunda an koya musu a = g sin θ, sai g, wato ƙaruwar gudun faɗuwa saboda jan ƙasa, ya fito 7. Kowane rukuni 7 ne ko kusa da shi. Yara su rubuta "kuskuren agogo" a ƙasan takarda su wuce. To agogon ne da gaske?

Malam Lawal: Wa alaikumus salam Malam. Agogo ba ya karkata gefe ɗaya kullum, don haka a cire shi daga zargi. Gogayya ce. Katako yana riƙe ƙwallon, yana cinye masa kuzari. A goge shi sumul, ko a ɗora doguwar fallen gilashi a kai, za ku ga adadin ya haura.

Malama Hauwa: Malam Lawal a gafarce ni, ko gilashin aka shimfiɗa 7 ɗin nan ne zai sake fitowa. Dabarar a = g sin θ ta abin da ke zamewa ce ba tare da gogayya ba. Boris kuwa mirginawa yake yi, kuma abin da ke mirginawa gida biyu yake raba kuzarinsa, wani na tafiya gaba, wani na juyawa a kan kansa.

mgh = ½mv² + ½Iω²

A nan m nauyi ne, h tsayi, v gudu, ω saurin juyawa, r rabin faɗin ƙwallo. I shi ne taurin juyawa, kuma ga ƙwallo mai cikakken ciki I = (2/5)mr². Idan babu zamewa ω = v/r. A haɗa, sai a samu mgh = ½mv² + (1/5)mv² = (7/10)mv². Ke nan kashi 5 cikin 7 na kuzarin ne kawai ya tafi gudu, kashi 2 cikin 7 ya shige juyawa. Daga nan a = (5/7)g sin θ. Yanzu ku ninka 9.8 da 5/7. Bakwai cif. Yaran Malam Bashir sun yi awo mai kyau, dabarar da aka miƙa musu ce ba ta wannan aikin ba. Lokacin da lissafi ya bayar a kan wannan katakon sakan 2.07 ne. Da zamewa ce zalla da sakan 1.75 za a gani.

Malam Lawal: Lissafin ya zauna Malama, ban ja ba. Amma wa ke juya ƙwallon in ba gogayya ba? A cire ta gaba ɗaya, ƙwallon sulalewa zai yi ko juyi ɗaya babu. Ashe dai ita ce silar.

Dakta Aminu: Malam Lawal ya taɓo wurin da ɗalibai har na jami'a suke tuntuɓe, bari a tsaya a kai. Gaskiya ne gogayya ce ke juya ƙwallon. Inda za mu rabu shi ne kalmar "cinyewa". A mirginawa ta tsafta, ɗigon ƙwallon da ke taɓa katako a tsaye yake cak a wannan ƙiftawar, bai goga komai ba, sai ya ɗaga wani ɗigon ya sauka. Tunda babu gugar fuska da fuska, babu zafin da ake haifarwa. Kuzarin yana nan cikin ƙwallon, ya dai sauya gida ne.

A duba ta fuskar ƙarfi, inda f shi ne ƙarfin gogayya, α kuma ƙaruwar saurin juyawa. A kan layin gangara mg sin θ − f = ma. A kan juyawa fr = Iα, kuma α = a/r, don haka f = (2/5)ma. A haɗa biyun: a = (5/7)g sin θ, f = (2/7)mg sin θ. Ku lura da kyau, babu μ, wato ma'aunin gogayyar fuska, a cikin amsar. Ko katako ne, ko gilashi, ko roba mai tauri, ƙwallon yana ɗaukar iya gogayyar da yake buƙata ne kawai, ragowar ba ruwansa da ita. Shi ya sa goge katako ba zai motsa 7 ɗin ba.

Kuma abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne. Boris mai faɗin milimita 25.4 nauyinsa kusan giram 67. A gangarar Malam Bashir f = (2/7) × 0.067 × 9.8 × 0.1, kusan nyuton 0.019.

Nafisa: Dakta, to yaushe katakon zai kasa ba da abin da ƙwallon yake nema? Dole dai akwai iyaka.

Dakta Aminu: Akwai, Nafisa. Iyakar gogayya ita ce μmg cos θ. Sharaɗin mirginawa ba zamewa shi ne (2/7)mg sin θ kada ya wuce wannan, wato tan θ ≤ 3.5μ. Idan μ = 0.2, tan θ ya tsaya a 0.7, digiri 35 ke nan. Idan fuskar ta fi santsi, a ce μ = 0.1, iyakar ta sauko kusan digiri 19. Gangarar da muke magana ba ta kai digiri 6 ba, μ na 0.03 ma ya ishe ta.

Da an wuce iyakar, ƙwallon yana juyawa yana kuma zamewa lokaci guda, sai a = g(sin θ − μ cos θ). Abin da mutane ba sa tsammani shi ne a nan ya fi sauri. A digiri 45 da μ = 0.2, a = 5.5, alhali dabarar 5/7 za ta ce 4.9. A nan ne kuma maganar Malam Lawal take aiki sosai, don yanzu akwai guga ta gaske, akwai kuzarin da ke zama zafi.

Nafisa: Da ido ba a gane wannan zamewar fa.

Malama Hauwa: A ƙirga juyi. Ɗauki ƙwallon sunuka, faɗinsa milimita 52.5, kewayensa santimita 16.5. Ja masa layi ɗaya da alƙalamin maka, ki ajiye shi layin yana sama, ki ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya. A mita 1.5 layin zai zagayo sau 9 da ɗan ɗoriya idan mirginawa ce zalla. In ya gaza haka, ya zame.

Injiniya Rabi'u: Malam Bashir ka yi sa'a katakonka shimfiɗaɗɗe ne. Yawancin makarantu ba sa amfani da shimfiɗaɗɗe saboda ƙwallon yana kaucewa gefe, sai su kawo ƙarfen angul, ko ƙarfen labule, ko rula mai kwari a tsakiya. Da zarar an yi haka 5/7 ta tashi daga aiki, kuma ba kowa ke lura ba.

Dalili: a cikin kwari ƙwallon ba da ƙasansa yake taka ba, da gefuna biyu yake taka. Nisan da ke tsakanin layin da yake juyawa a kai da wuraren takawar ya gaza r. Mu kira shi r′. Kowane juyi ɗaya yanzu 2πr′ yake ci maimakon 2πr, don haka dole ya yi juyi da yawa kafin ya ci nisa ɗaya, juyawa ta ƙara kwashe kuzari.

a = g sin θ ÷ [1 + (2/5)(r/r′)²]

Angul mai digiri 90 da aka kwantar kamar V: r′ = r/√2, (r/r′)² = 2, a = (5/9)g sin θ. Lokacin ya koma sakan 2.35, g na bogi ya fito 5.4, komai girman ƙwallon. Idan kuma bakin kwari ne mai faɗin w, ƙwallon yana zaune a kan leɓɓa biyu, r′² = r² − w²/4. Ƙwallon gilashi mai faɗin milimita 16 a kwarin milimita 8: r′² = 64 − 16 = 48, a = 0.65g sin θ. A nan girman ƙwallo yana da tasiri, ƙarami ya fi nutsewa ya fi jinkiri. Malami ya gama cewa girma ba ya sauya komai, a saki babba da ƙarami a kan rula, babban ya riga, aji ya ɗauka malam ne bai sani ba.

Malam Lawal: Injiniya, ai sai a yi amfani da rabin bututun roba mai faɗi, ƙwallon ya taka da ƙasansa.

Injiniya Rabi'u: Yana yi, in bututun ya ninka ƙwallon faɗi sosai. Illarsa biyu. Roba tana lanƙwasa a tsakiya in ba a ɗaure ta a jikin katako ba, sannan in ba a saki ƙwallon daga tsakiyar kwarin ba sai ya riƙa lilo hagu da dama yana sauka. Ni a ganina angul ɗin alminiyom ya fi, a dai yi lissafi da 5/9. Miƙaƙƙe ne, kuma kusurwarsa sananniya ce.

Baba Sale: Ku malamai kun yi ta lissafi, bari mu na ɗakin gwaji mu faɗi inda aikin yake lalacewa tun kafin a kai ga alƙalami.

Babban ɓarawo shi ne teburi. Ana auna santimita 15 daga saman teburi, an ɗauka teburin a miƙe yake. Karkatar rabin digiri kacal sin ɗinta 0.0087 ne, a kan 0.1 kusan kashi 9 cikin 100 ke nan. Ƙasan aji kuwa kun san yadda take. Magani: a ajiye boris a kan teburin a ga ko zai gangara, a cusa takarda ƙarƙashin ƙafa har ya tsaya. Ko a yi gwajin, a juya katakon gaba ɗaya ya fuskanci ɗaya ɓangaren, a sake, a ɗauki matsakaicin ƙaruwar gudun na biyun.

Tsayi kuma a auna shi a daidai layin farawa da daidai layin ƙarewa, a ɗebe. Yara suna auna bakin katakon na sama su haɗa da kaurinsa, su raba da 1.5. Kuskuren milimita 2 ma ya haura kashi 1 cikin 100, balle kaurin katako na santimita 2.

Katako ya zama mai kauri, santimita 2 zuwa sama, ko a tallafe tsakiyarsa. Filawud siriri yana yin ciki, sama ta yi tsini ƙasa ta kwanta, ƙaruwar gudu ba za ta zama ɗaya ba.

Sakin ƙwallo ba da yatsa ba. Yatsa ko ya tura ko ya manne. A tare shi da rula ta gaba, a fizge rular zuwa ƙasan gangara da sauri. In aka ɗaga ta sama tana goga ƙwallon ta ba shi juyin baya. A ƙarshen hanya a kafa guntun katako don a ji ƙas, kunne ya fi ido saurin kama ƙarewa. Nisan kuma daga gaban ƙwallon zuwa fuskar katakon tarewa ne, ba daga tsakiyarsa ba.

A goge boris da ƙyalle. Na kanikawa da giris yake zuwa, ƙurar hunturu ta manne masa, ya riƙa tsalle.

Malam Bashir: Allah ya saka Baba. Agogon fa? Tunda shi yara suke ɗora wa laifi.

Baba Sale: Yana da nasa rabon, amma warwatsa sakamako yake yi, ba ya jan shi gefe guda. Hannun mutum yana makara kusan sakan 0.2, sai dai in mutum ɗaya ne ya saki ya kuma danna, wani ɓangaren makarar yana soke kansa. Abin lura shi ne t ana ninka shi da kansa, don haka kuskuren sakan 0.1 a cikin 2.07, kashi 5 cikin 100, yana zama kashi 10 a g. Kada a ɗaga gangarar don gwaji ya yi armashi, lokaci zai gajarce kuskure ya girma. A maimaita sau biyar aƙalla a kowane tsayi.

Nafisa: Baba in ƙara. Bidiyon waya na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a sakan, kowane hoto sakan 0.033 ke nan, ya fi kowane yatsa. A jingina wayar a gefe tana kallon katakon kai tsaye, daga nesa kaɗan, da tef ɗin awo manne a jikin katakon. Manhajar Tracker kyauta ce a kwamfuta, tana bin ƙwallon hoto bayan hoto ta fitar da jadawalin. A waya kuma phyphox tana da agogon da sauti ke tayarwa da tsayarwa.

Dakta Aminu: Kuma kada a tsaya a tsayi ɗaya. A yi santimita 5, 10, 15, 20, 25, a zana jadawalin ƙaruwar gudu a kan sin θ. Layi miƙaƙƙe zai fito, hawansa (5/7)g, a ninka da 7/5 a samu g. Amfanin wannan shi ne karkatar teburi da 'yar turjiyar mirginawa, wadda ke zuwa daga ɗan lotsawar katako ƙarƙashin ƙwallon, duk suna taruwa a inda layin ya yanki ginshiƙi, ba sa taɓa hawan. Malam Lawal, asarar da kake nema tana nan, ga inda ake ganinta: layin ba zai bi ta sifili ba. A kan katako mai tauri da boris 'yar kaɗan ce. A shimfiɗa bargo ko a kawo ƙwallon tanis mai gashi, za ta fito fili.

Wani ɗan ƙarin bayani, a yankinmu da ke kusa da tsakiyar duniya g ya fi kusa da 9.78. Wannan gwajin dai ba zai iya bambance 9.78 da 9.81 ba, kada wani ya wahalar da yara a kai.

Malam Lawal: To ga tambaya. Galileo, masanin kimiyyar nan ɗan Italiya, da gangara ya yi nasa aikin, kuma a zamaninsa ba a san wannan 5/7 ba. Yaya aka yi bai ɓata ba?

Malama Hauwa: Saboda ba g yake nema ba, dangantakar nisa da lokaci yake nema. A bayanin da ya wallafa a 1638 ya ce katakon kamu 12 ne, an fafe kwari a jikinsa an lulluɓe da fata mai sumul, ƙwallon na tagulla, lokaci kuma da ruwa yake aunawa, ya tari abin da ya zubo daga siririn bututu ya auna nauyinsa. Abin da ya nuna shi ne kwata na hanya yana cin rabin lokaci, wato nisa yana bin t². Ko 5/7 ne ko 5/9, adadin ɗaya ne daga sama har ƙasa, sai ya soke a rabo. An daɗe ana shakkar ko agogon ruwa zai iya wannan aiki, sai wani masani mai suna Thomas Settle ya maimaita gwajin a 1961 ya nuna yana yi.

Malam Bashir, ga ajin da bai kai darasin juyawa ba, wannan ne gwajin da ya dace da su. Ja layuka a santimita 9, 36, 81 da 144. A gangararka ƙwallon zai ratsa su a kusan sakan 0.51, 1.01, 1.52 da 2.03, tazarar lokaci ɗaya, tazarar nisa kuwa 9, 27, 45, 63, wato 1, 3, 5, 7. In kuma dole sai an fitar da g, a ba su 7/5 ɗin a gaya musu daga ina ya fito. Barin su da "kuskuren agogo" koya musu raina awonsu ne.

Injiniya Rabi'u: Hanya mafi sauƙi ta gamsar da su ba tare da lissafi ba ita ce tsere. Dabarar gaba ɗaya a = g sin θ ÷ (1 + k), inda I = kmr². A katakon nan: ƙwallo cikakke k = 2/5, sakan 2.07. Sandar ƙarfe ko batir, kusan k = 1/2, sakan 2.14. Ƙwallo mai holoƙon ciki k = 2/3, sakan 2.26. Zobe ko gwangwanin da aka cire wa murfi da gindi k = 1, sakan 2.47. Nauyi da girma ba sa cikin lissafin, inda nauyin ya taru ne kawai. A tare su duka da doguwar rula ɗaya a saki tare.

Mai daɗin shi ne gwangwanin madarar ruwa da na tumatirin gwangwani mai kauri. Tumatirin yana juyawa tare da gwangwaninsa kamar dunƙulallen abu. Madarar kuwa ba ta bin juyin sosai, kusan zamewa take yi a ciki, don haka ita ke riga.

Baba Sale: Kada dai a sa ƙwallon tebur a matsayin mai holoƙo a ce za a samu 2.26. Giram 2.7 ne a faɗin milimita 40. Kafin ya kai ƙasa turjiyar iska ta kusa kwatan ƙarfin da ke jan sa, zai makara. A kashe fanka ma.

Nafisa: Akwai abin da na lura da shi a lissafin Dakta. Guntun katako mai zamewa zai riga ƙwallo ne idan sin θ − μ cos θ ya wuce (5/7) sin θ, wato μ < (2/7) tan θ. Wannan ai shi ne daidai sharaɗin da ƙwallon kansa yake fara zamewa. Ke nan in μ ɗinsu ɗaya ne, guntun katakon ba zai taɓa riga ba. A ƙasan iyakar ƙwallo ne gaba, a samanta kuma kunnen doki.

Dakta Aminu: Haka yake Nafisa, matuƙar an ɗauki μ na tsaye da na zamewa a matsayin ɗaya. Mai zamewa yana cin tseren ne kawai in ya fi ƙwallon santsi, kamar ƙanƙara a kan jiƙaƙƙen gilashi. Guntun katako mai μ = 0.3 kuwa ko motsi ba zai yi ba sai gangara ta kusa digiri 17.

Malam Bashir: Akwai hanyar tabbatar da 5/7 ɗin da ba ta bi ta agogo ko kaɗan? Don in rufe bakin masu cewa agogo.

Malama Hauwa: Akwai. Bari ƙwallon ya sauko ya bi ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a kan teburi, ya faɗo ƙasa a kan farar takarda da aka rufe da takardar kabon. Daga tsayin santimita 15, gudunsa a ƙasa √(10gh/7) = mita 1.45 a sakan, na zamewa zalla kuwa √(2gh) = 1.71. In teburin santimita 80 ne, faɗuwar sakan 0.40 ce, tabon zai fito kusan santimita 58 daga ƙasan bakin teburi maimakon 69. Tazarar santimita 11 ba ta ɓuya. A saukar da zare mai ɗaurin ƙusa daga bakin teburin don a san inda awo zai fara, kuma a sassauta mahaɗar katako da teburi da guntun kwali mai tauri don kada ƙwallon ya yi tsalle a wurin.

Injiniya Rabi'u: Wannan da shimfiɗaɗɗen katako za a yi shi, Malama. Ƙwallon da ya fito daga angul yana juyawa fiye da yadda gudunsa yake buƙata a fili, da √2. Yana taka teburi sai ya ɗan murza a wuri, gogayya ta tura shi gaba, gudunsa ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100 kafin ya daidaita. Tabon ba zai dace da 5/9 ba, ba kuma zai kai na 5/7 cif ba. In angul ɗin ne kawai a hannu, a sa bakinsa ya ƙare daidai bakin teburi, a yi lissafin jifa da kusurwar da ƙwallon ya fita da ita.